Abin da Tarwadar Ngadda Ta Ci

Wata guda bayan ambaliya, magana ta bazu a garin nan cewa kada wanda ya kuskura ya ci kifin kogin Ngadda. Wai ruwa ya bi ta maƙabartu ya tono abin da ya tono, tarwada kuma ta samu rabonta, shi ya sa ta yi yawa ta yi ƙiba irin wadda ba a saba gani ba. Na fara ji a bakin wani mai Keke Napep, na sake ji a gidan suna nan Mairi. Duk wanda na tambaya ko ya gani da idonsa, sai ya ce wani ne ya gani. Wanin nan, shekarata saba'in da ɗaya a Maiduguri, ban taɓa haɗuwa da shi ba.

Sunana Ammatullahi. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da bayoloji a makarantun 'yan mata kafin na yi ritaya. Na zana cikin kifi a allo sau ba adadi, amma in faɗi gaskiya, ban taɓa kama ko guda da hannuna ba. Da na bar maganar ta wuce kamar sauran, ba don Phoebe ba.

Phoebe ce ke soya kifi a bakin layinmu, mijinta Jona kuma shi ke kamo mata. Mutanen kudancin Borno ne, sun fi shekara ashirin a unguwar, da kaskon nan suka tarbiyyantar da 'ya'ya biyar. Wata la'asar na same ta zaune, wuta a kashe, kifi jere a faranti ƙuda na bi.

Na ce, "Phoebe, yau hutu ake?"

Ta ce, "Mama, tun safe mutum biyu. Su ma cewa suka yi sai na rantse kifin tanki ne, ba na kogi ba. Ni kuma ban iya rantsuwa kan ƙarya ba, suka ajiye suka tafi."

"Ke kin taɓa ganin wani abu a cikinsa? Ke ce mai fafe shi kullum."

"Ina dubawa ne, Mama? In cire in zubar."

Na ce ta gaya wa Jona gobe ya jira ni a bakin kogi. Zan buɗe cikin kifin nan ɗaya bayan ɗaya in rubuta abin da na gani, in kuma babu komai, zan sa garin nan ya ji. Da bakina na yi mata wannan alkawari.

Washegari da hantsi na sauka ƙasan gadar Fori da lafayata da kujerar roba da littafin rubutu. Jona, dogon dattijo mai furfura a gemu kaɗai, ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Malama, rajista za ki kira musu? Ba sa amsawa fa."

Na ce, "Kai dai ba ni fatsa."

Niyyata da farko in zauna ya kamo ina buɗewa. Amma na san mutanenmu. Za su ce masunci ne ya zaɓo mata masu tsabta. Don haka na ce rabin kifin ni zan kama da kaina. Ya ba ni sandar gora da zare da ƙugiya, da guntun silifa da ake ɗaurawa ya yi iyo, ya nuna mini yadda ake soka tana ta rufe ƙarfen gaba ɗaya. Na zaɓi inda ruwa ya fi haske yana gudu a kan yashi, na dasa kujerata. Na yi awa uku ban samu ko gaisuwa ba.

Jona ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "Inda kike son zama kika zaɓa, Malama. Ita ba nan take so ba."

Ya kai ni wata kwana inda ruwa ya kwanta, ya yi duhu, saiwoyin wata bishiya da ambaliya ta kayar sun nutse cikin laka. Wurin na wari. Ya ce in sa ido. Can sai na ga bakin wata tarwada ya ɓullo, ya haɗiyi iska, ya koma. Ni na san dalili: tarwada na da wani nama a bayan kai, mai rassa kamar ƙaramar bishiya, da shi take shan iskar sama in ta ruwa ta yi ƙaranci. Na koyar da wannan shekara da shekaru. Jona bai san sunan abin ba, amma ya san a wace kwana za ta ɓullo, da wane lokaci, da cewa in rana ta yi zafi sosai ta fi yawan fitowa. Kafin azahar silifana ya nutse. Na fizga kamar mai cire ƙusa, tarwada ta tashi sama ta faɗo a cinyata, na yi salati da ƙarfi har masu wanki a ƙetare suka juyo.

Ba zan ɓoye ba, na kamu da son abin. Mako biyar ina zuwa, ban da Juma'a da Lahadi. Na koyi cewa karfasa a bakin gaɓa take, inda ciyawa ta nutse, kuma in ka kama macen da ta ƙi buɗe baki, ƙwai ne ko 'ya'ya take ɗauke da su a ciki. Irin wannan Jona maida ta yake, ko da ranar bai kama komai ba. Na koyi cewa ƙurungu na gurnani in ka fito da shi, yana kuma kafe ƙayoyinsa ya ƙi lanƙwasawa. Wannan darasin da babban yatsana na biya, ya kwana biyu a kumbure. Wata rana na kamo wata tarwada mai kitse, Jona ya juya ta ya ce, "Wannan 'yar gida ce. Dubi gashin bakinta duk ya guntule, siminti ne ya cinye. Ruwa ne ya kwaso su daga tankunan mutane ya zuba mana. Shi ne ƙibar da ake ta surutu a kai." Na rubuta wannan ma, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Kowace tarwada, tawa da tasa, sai na auna tsawonta, na tsaga tumbin da reza, na zazzage a farin faranti, na rubuta. Sittin da uku na buɗe. Tsutsotsin ƙwari, dodon koɗi, ƙananan karfasa, ƙwayar shinkafa, laka, sau biyu guntun leda. Da kwaɗi. Tarwada na son kwaɗo.

A ta hamsin da ɗaya, wata babba da na kama da kaina, na samu ƙafar baya ta wani ƙaton kwaɗo. Naman ya narke, ƙasusuwan suna nan cif. Halin malanta ya motsa. Na kawo su gida, na wanke, na jera su da tsinke a kan faranti yadda Allah ya tsara su, yatsu biyar, gaɓa bayan gaɓa, kamar yadda nake yi wa ɗalibai a da. Na ajiye rula a gefe don a ga girman, duka-duka bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Na ɗauki hoto. Na yi alfahari da hoton nan, ya fito tsaf.

Ran Alhamis Zainaba ta zo shan shayi. Ita ce aminiyata tun muna 'yan aji ɗaya a makarantar kwana, gadonta a sama nawa a ƙasa. Ita ta zauna kusa da ni kwana arba'in da mijina ya rasu. Da ruwa ya ci gidanta a Moduganari, nan gidana ta yi kwana goma sha tara da jikokinta, muna ci a kwano ɗaya. Tana kiwon tarwada a tankunan siminti shida a bayan gida. Ambaliya ta kwashe su kaf, ta sake zuba wasu. Ita ce kuma shugabar ƙungiyar matanmu, mai gurup ɗin WhatsApp na mata sama da ɗari biyu, kuma in ta yi magana a ciki ana ji.

Na baje mata littafin, shafi bayan shafi. Na nuna mata hoton.

Ta riƙe baki. "Wai! Sawanyi, kamar hannun jariri."

Haka take kirana da Kanuri, ƙawata. Na ce, "Ƙafar kwaɗo ce. Shi ya sa na sa rula. Dubi wannan dogon ƙashin na idon sawu, mutum ba shi da irinsa."

Ta ce, "Ikon Allah. Kwaɗo."

"Kwaɗo. Ki taimake ni, Zainaba. Ni in na yi magana za a ce boko ya yi mini yawa. Ke ki sa a gurup, ki ce ga abin da aka samu. Matar nan Phoebe ta kusa daina hura wuta."

Ta ce in turo mata duka, hotuna da shafukan littafi, ita ta san yadda za ta tsara maganar. Na tura mata nan take, tana zaune a kan tabarmata tana tsoma biskit a shayi. Ita kaɗai na tura wa.

Na jira a gurup, shiru. Na ce ƙila tana neman lokacin da ya dace. Ran Litinin da safe na fito da kujerata zan tafi kogi, na gaida Phoebe ta amsa ba ta ɗago ba. Ba kasko a gabanta, murhun ma ta kife shi.

Na ce, "Lafiya?"

Ta miƙo mini wayarta. Hotona ne. Farantina ne, har da ɗan tsagin da ke bakinsa. Amma babu rula. An yanke gefen da take, an kuma buɗa hoton har ƙasusuwan sun cika fuskar waya. A ƙasa akwai saƙon murya. Wata mata ce da ban san muryarta ba, tana magana da Hausa cikin rawar murya: "Jama'a ku ji tsoron Allah ku daina cin kifin kogi. Malama Ammatullahi ta Mairi, wadda ta koyar da 'ya'yanmu kimiyya, ita da kanta ta je ta kama ta buɗe. Ga abin da ta samu. Hannun yaro ne."

Na saurara sau biyu a tsaye. Phoebe ta ce a cocinsu ma an tura, surukarta a Damaturu ma ta samu.

Duk da haka na wuce kogi, don ban san inda zan nufa ba. Jona na zaune a kan kwale-kwalen wani da aka kife, bai jiƙa ko zare ba.

Na ce, "Jona, ka san ƙafar kwaɗo ce. Kana wurin."

Ya ce, "Na sani, Malama."

"To zan gyara."

Ya kalli ruwa. Ya ce, "Da can cewa suke wai. Mai wai, in yunwa ta kama shi, yana saye. Yanzu cewa suke Malama ta ce."

Na bar kujerar a wurin, na hau gada na tari Keke zuwa Moduganari.

A hanya ina ta nema wa Zainaba mafita. Jikokinta na wasa da wayarta. Tana da suruka mai rawar kai. Ƙila ta tura wa mutum ɗaya da kyakkyawar niyya, wani ya yanke. Na riƙe waɗannan har ƙofar gidanta, inda na ga Keke uku a tsaye, da mata da robobi suna shiga ta ƙofar baya.

Na bi su. Layi ne a gaban tankuna, ma'aikacinta na kamfato kifi da raga yana ɗorawa a sikeli. A jikin bangon tanki na farko, daidai inda mai jiran layi zai tsaya, an manna hoton. An wanke shi babba, an rufe da leda don kada ruwa ya ɓata. A sama an rubuta da alƙalami mai kauri: BINCIKEN MALAMA AMMATULLAHI. Na san rubutun. Na shekara biyar ina kwafar darasin tarihi daga littafin mai shi.

Zainaba ta fito daga ɗaki tana gyara lafaya. Da ta gan ni ta tsaya, sannan ta saki fuska ta yi mini sannu da Kanuri.

"Wushe, wushe, sawanyi! Ba ko waya? Shigo ciki, rana."

Na ce, "Nan ma ya isa. Ina rulata?"

"Wace rula?"

"Wadda ke cikin hoton nan."

Ta matso ta rage murya. "Ammatu, kada ki yi mini haka a gaban mutane. Dubi da kyau. Na rubuta ƙarya? Bincikenki ne ko ba naki ba? Akwai inda na rubuta mutum?"

"In sun tambaye ki hannun mene ne, me kike cewa?"

"Ina cewa Allah ne masani."

"Ke ma masaniya ce. A falona na gaya miki, kina shan shayina. Kika maimaita da bakinki."

"Muryar da ke yawo ba tawa ba ce."

"Ban ce taki ba ce. Wa ya ba ta hoton?"

Ta kalli layin, ta kalle ni. Fuskar da ta saki ta ɗauke. Ta ce, "Ke fansho kike ci, Ammatu. Wata ya ƙare, waya ta yi ƙara, shi ke nan. Ni ruwa ya shigo ya kwashe wahalar shekara tara a dare ɗaya, ya kai kogi ya zuba. Kifina ne Jonanki yake kamawa yana sayarwa a arha, ke da kanki kika rubuta, har da jan layi. Na sake zubawa, na ciyar da su, in fito kasuwa in tarar ana rabar da kifi kamar ƙasa. Marayu bakwai ne a gidan nan. Ke wasa kike a bakin ruwa da kujerar roba."

Na ce, "Da kin ce mini haka ran Alhamis."

"Da kin yi me? Da kin karanta mini littafi."

Wannan ta faɗi daidai, ƙila da abin da zan yi ke nan. Amma ban zo don a auna ni ba. Na juya wajen matan, na ɗaga murya irin ta aji, wadda ke kaiwa bencin baya. Na ce ni ce Ammatullahi mai sunan da ke bango. Na ce wannan ƙafar kwaɗo ce, an yanke hoton ne an buɗa shi. Na fito da wayata na nuna na asali, da rula da komai, na bi layi ina nuna wa kowace.

Suka duba cikin ladabi. Wata ta ce, "Allah sarki, Mama." Wata dattijuwa mai carbi ta kama hannuna ta matse, ta ce a hankali, "Mun gane, Hajiya. An ce ki janye ko? Haka suke yi. Allah ya saka miki, kin riga kin fitar da mu." Wata yarinya a baya, da ta ce na koyar da uwarta, ta ce ai rula ana iya sa ta a hoto daga baya, ƙaninta ma ya iya. Ba wadda ta bar layi. Ma'aikacin ya ci gaba da kamfata.

Na sa hannu na ɓalle hoton daga bango. Zainaba ba ta hana ni ba. Ta ce, "Ki gaida gida," ta koma ɗaki ta saki labule.

Na yi abin da zan iya. Na yi saƙon murya da Hausa, na yi da Kanuri, na faɗi sunana da sunan mahaifina da makarantun da na koyar. Na sa a gurup ɗin ƙungiya. Kafin la'asar aka goge, aka kuma rufe gurup ɗin yadda shugabanni kaɗai ke iya magana, wai don a kauce wa fitina. Na tura wa tsofaffin ɗalibaina, wasu suka tura gaba. Bayan kwana uku saƙon matar nan ya dawo mini ta hannun 'yar ƙanwata da ke Kano, da tambaya ko ni ce. Nawa bai dawo ta hannun kowa ba.

Kafin ƙarshen wata Phoebe ta sayar da kaskon, ta koma wankau a gidajen ma'aikatan jami'a. Jona ya bi masu yankan shinkafa zuwa Zabarmari, aikin da ya ce rabonsa da shi tun yana saurayi, ga bayansa ba lafiya. Ran da zai tafi ya aiko Phoebe da kujerata, an wanke ta. Ta ajiye a ƙofa ta ce yana gaisuwa. Zainaba ta aiko mini da tarwada huɗu manya a bokiti ranar Juma'a, na ce a mayar mata. Ba ta sake aikowa ba, ni ma ban sake zuwa ba.

Tarwada sittin da uku na buɗe daga kogin Ngadda, tsakanin gadar Fori da kwanar bishiyar da ta faɗi. Babu naman mutum ko ƙashin mutum a cikin ko ɗaya. Ƙashin da ke cikin hoton na ƙafar bayan kwaɗo ne. Zainaba ta san haka kafin ta fitar da shi.